Kaura a Ramin Dashe

Ranar Asabar da hantsi labari ya shigo Kwanyawa cewa an yi wa dashen gari ɓarna. Samarin da ke kula da shi ne suka je zagaye bayan ruwan da aka kwana ana tafkawa, suka tarar kusurwar gabas ta koma fili fetal. Gawo, ɗorawa, marke, darbejiya, duk 'yan itatuwan da aka dasa farkon damina, an tuge sama da ɗari.

Dashen nan kuwa ba abin wasa ba ne a Kwanyawa. Wata ƙungiya ce ta kawo shi ta hannun Malama Naja'atu, 'yar Ƙaraye, wadda ta sha yi wa mutane bayani cewa itatuwa na shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya yana rikita damina. Mutane sun gyaɗa kai. Amma in za a faɗi tsakani da Allah, abin da ya fi shiga kunnensu shi ne alkawarin rijiyar burtsatse mai sola, in dashen ya shekara da ransa.

Kafin azahar an sami mai laifi, don Kwanyawa ba ta ɓata lokaci a irin wannan. An ga itatuwan jibge a kwazazzabo, dab da ramin gawayin Ƙasimu. Shi ke nan. Aka taso shi gaba har zauren dagaci, leɓe a kumbure, riga a yage. Aka tsayar da magana cewa gobe da la'asar mota za ta zo a miƙa shi ga 'yan sanda a Ƙaraye. Malama Naja'atu ce kaɗai ta ce a tabbatar tukuna. Dagaci Zaharaddini ya yi tsaki ciki-ciki, ya aika a kira Gwadabe.

Gwadabe mai bin sawu ne. Saniya ta ɓata, an fasa rumbu, an kwashe taki, shi ake nema, kuma bai cika dawowa hannu rabbana ba. Sai dai sana'a ce mai cinye abokai. Da wuya ka sami gida a yankin da bai taɓa nuna wani ɗansa da sanda ba, don haka ana gaishe shi da ladabi, amma daga nesa. In ya zauna a majalisa sai kowa ya tuna yana da aiki. Tun da matarsa Asma'u ta rasu, kuma Allah bai ba su haihuwa ba, gidansa ya zama shi kaɗai sai ƙadangaru.

Mutum ɗaya ce ba ta canza masa ba: Tani, yayar marigayiyar, wadda gidanta ke kallon nasa a lungu guda. Ita ma ita kaɗai ce. Kowace magariba sai ta tsallako da kwanon tuwo ta ajiye masa a kan dakali, ta ɗauki na jiya da ya wanke. Ba wata doguwar hira suke yi ba. Amma ƙarar ajiye kwanon nan ita ce ke gaya wa Gwadabe cewa har yanzu akwai wanda ya san yana duniya.

Ya isa wurin dashen da sandarsa da jakar ƙoƙunansa. Al'adarsa ce in ya sami sawu mai kyau ya kife masa ƙoƙo, kada a tattake. Ranar ko ɗaya bai ciro ba. Abin da ruwa ya bari, 'yan kallo sun gama da shi.

"Baba, akwai abin da ka gani?" in ji Malama Naja'atu.

"Akwai abin da ban gani ba dai. Ina ramukan?"

Ta duba. Gaskiya ne, ba rami ko ɗaya. Duk inda aka cire itace an mayar da ƙasa an danne.

"Mai ƙeta tugewa yake ya wuce," in ji Gwadabe. "Ba ya tsayawa gyara."

Ya gangara kwazazzabon. Itatuwan ba watsar da su aka yi ba. An jera su a inuwa, an lulluɓe saiwoyinsu da laka, ko ganye ɗaya bai yanƙwane ba. Ya daɗe a tsugune yana kallonsu. A tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin maɓarnacin da ke jinyar abin da ya ɓata ba.

*

Ƙasimu na zaune a kusurwar zaure, an ɗaure masa ƙafa da igiyar akuya.

"Baba Gwadabe, don girman Allah ka dube ni. Ni me zan yi da itacen da bai kai yatsa kauri ba? Gawayin me zai yi? Ni da nake addu'ar su girma!"

"Wannan addu'ar kada ka maimaita ta gaban Malama. Jiya da rana kana ina?"

Ƙasimu ya sunkuyar da kai.

"An ce ba a gan ka a masallacin Juma'a ba. Masu gadi kuma lokacin suka bar wurin."

"Ina nan dai… cikin gari."

Gwadabe ya miƙa hannu ya zaro wani ɗan jan ɓawo daga sumar Ƙasimu, ya shinshina.

"Kirya. Ɗanya kuwa. Kiryar da ta rage a ƙasar nan tana can bayan ƙauyen Yola, inda aka hana sara. Can ka wuni."

"Baba, ka rufa min asiri. 'Ya'yana ƙanana ne. In aka kai ni Ƙaraye, wa zai ba su abinci?"

Gwadabe ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Kai ɓarawon manyan itatuwa ne, ba ƙanana ba. Wannan ba aikinka ba ne."

"To ka gaya musu!"

"Ba za su sake ka ba sai na ba su wani."

*

Wanin da ke bakin kowa shi ne Sulle na ƙauyen Rogo Ruma, mai gonar da ke maƙwabtaka da dashen ta gabas. An ji shi a kasuwa yana rantsuwa cewa itatuwan nan ba za su tara masa tsuntsaye a kan geronsa ba. Gwadabe ya hau kekensa ya same shi a bakin gona, hannun dama ɗaure da karan ɗori, rataye a wuya.

Suka gaisa, aka tambayi iyali da damina da jiki.

"Na faɗa, kuma zan maimaita," in ji Sulle. "Amma ka dubi hannun nan. Tun kafin a yi noman farko na faɗo daga amalanke. Wando ma sai an ɗaura min."

"Jiya kana nan?"

"Ina nan har aka sauko daga Juma'a. Ba na iya cunkoson masallaci da karaya."

"Ka ga wani ya shiga dashen?"

"Ba kowa. Awaki dai, sai masu tsinkar tafasa." Ya gyara zama. "Malam Gwadabe, ni ba tsuntsu ne ya fi tsorata ni ba. Kai ma ka sani, a ƙasar nan wanda ya dasa itace shi ke da wurin. Ko aron gona aka ba ka, an yarda ka shuka hatsi, ba a yarda ka dasa ko zogale ba. Shi ya sa na tsaya a kansu ran dashen, na ce kada ko ɗaya ya tsallako iyakata. Bai tsallako ba, to ina ruwana?"

Gwadabe ya koma gida a gajiye, ba sawu, ba suna. Bayan magariba ya ji ƙarar kwano a kan dakali.

"Gwadabe, ga shi nan. Ka ci da zafinsa."

"Sannu, Yaya Tani. Allah ya saka."

Tuwon kaura ne da miyar tafasa. Ba irin kaurar yanzu ba, ta dā, mai daɗewa a gona, mai ɗan bauri a ƙarshen harshe. Tun da damina ta gajarce kowa ya watsar da ita ya koma iri mai saurin nuna. Tani ce kaɗai ta ƙi. Irin mijinta ne, marigayi Malam Muhammadu, tana shuka shi a ɗan filin bayan gida, tana adana shi cikin toka a tulu. Gwadabe ya cinye tas, ya wanke kwanon, ya kwanta da ramukan nan a ransa.

*

Gari na wayewa ya koma wurin shi kaɗai. Ya tsuguna gaban rami ɗaya ya ƙura masa ido. Ruwa ya shafe zanen ƙafa, amma bai shafe lotsawar ba. Ƙasar ba da hannu aka danne ta ba, da diddige ne, taku ɗaya, kamar yadda mai shuka ke yi yana bin mai sara.

Ya sa yatsa ya tona. Ƙwayoyi suka fito, sun kumbura da ruwa, toka manne a jikinsu. Ya tona na biyu, haka. Na uku, haka. Ya goge ƙwaya ɗaya a rigarsa ya sa a baki ya tauna.

Baurin nan ya sauka a ƙarshen harshensa.

Sai ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da za a ba shi zaɓi, da ya gwammace a ce idonsa ya mutu tun bara. Ya tashi ya bi inda tugewar ta tsaya. Jiya ya ɗauka mai aikin gajiya ya yi ya bari. Yau ya ga layin a karkace yake, yana bin tsofaffin tushen gamba da samari suka sassabe lokacin share fili. Iyakar gona ce. Mai tugewar bai wuce ta da itace ko ɗaya ba.

*

Ya sami Tani a ƙofar gida tana tsince wake a faifai. Ya durƙusa, suka gaisa kamar kullum, har da tambayar ciwon gwiwarta. Sannan ya buɗe tafin hannunsa.

Ta dubi ƙwayoyin, ta ci gaba da tsintar wakenta.

"Ƙafa ce ta saba," ta ce. "Ba na iya zuba iri in bar rami a buɗe."

"Yaya Tani, me ya kai ki?"

"Gonar uban Uwaisu ce. An tambaye ni? Maza suka zauna a ƙofar dagaci suka ce saura ce, ba mai ita. Na je gidan dagacin, aka ce yana Ƙaraye. Na koma, aka ce yana barci. Uwaisu mutuwa ya yi? Wa ya ga gawarsa?"

Uwaisu ɗanta ne tilo. Shekarar da fari ya ƙone hatsi ya bi masu haƙar zinare, ya yi waya 'yan lokuta kaɗan, daga nan shiru. Gari ya daɗe da daina ambatonsa. Ita kuwa har yau tana share masa ɗaki.

"Ran da ya dawo ya tarar da itatuwan wasu sun yi inuwa a gonar ubansa, a ina zai tsaya?" ta ce. "Shi ya sa na shuka. Gonar da ke da shuka ba a ce mata saura."

"Itatuwan kuma kika yi musu jinya."

"Su me suka yi min? Rai ne da su."

"Da la'asar za a tafi da Ƙasimu."

Hannunta ya tsaya a kan faifan. "Ƙasimu ya cinye rabin dajin nan da gatari. In ya kwana biyu a hannun hukuma ba mutuwa zai yi ba."

"Ba kwana biyu ba ne. Kuma ba shi ya yi ba."

"Gwadabe, kai kaɗai ka sani. Ka ce ruwa ya wanke sawu. Ai ya wanke, ba ƙarya ka yi ba." Ta ɗago ta dube shi. "Tun da Asma'u ta tafi, na taɓa roƙon ka wani abu?"

Ba ta taɓa ba. Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ya so ya ce mata ta zo su je tare, ya so ya ce zai tsaya mata, amma duk maganar da ya ɗauko sai ta yi masa nauyi. Ya miƙe ya tafi, yana jin idonta a bayansa.

*

Da la'asar ƙofar dagaci ta cika maƙil. Mota na tsaye a gindin tsamiya. An fito da Ƙasimu, matarsa na can gefe da goyo tana share hawaye. Sulle ma ya zo da hannunsa a rataye, don a wanke shi a gaban jama'a.

"To, Gwadabe," in ji dagaci, "mun saurare ka."

"Ranka ya daɗe, ruwa ya wanke sawu."

Ya tsaya nan. Da ya yi shiru daga nan, da ba mai cewa ya yi ƙarya. Ya dubi igiyar da ke ƙafar Ƙasimu.

"Amma bai wanke aiki ba. Ƙasimu yana da nasa laifin, na kiryar bayan Yola, wannan tsakaninku ne. Sai dai mai gawayi ba ya lulluɓe saiwa da laka. Sulle kuwa hannu ɗaya gare shi, kuma ba a taɓa masa iyaka ba. Sulle, da na ce ka ga wani, me ka ce min?"

"Na ce ba kowa, sai masu tsinkar tafasa."

"Su nawa?"

Sulle ya sosa ƙeya. "Ɗaya ce, ina ji. Wata tsohuwa. Ban ma kalle ta ba."

"Ba kai kaɗai ba ne," in ji Gwadabe. Ya kwance bakin rigarsa ya zube ƙwayoyin a kan tabarma. "Wannan na tono daga ramukan. Duk inda aka cire itace, an shuka wannan."

Dattawa suka sunkuya. Wani ya murza ƙwaya ɗaya, tokar ta fita. Nan take fuskokinsu suka canza, don ba wanda ya manyanta a Kwanyawa bai san kaurar Malam Muhammadu ba. Amma ba wanda ya buɗe baki. Kowa ya bar wa mai sana'a sana'arsa.

"Ba ma hukunci da ƙwayar hatsi," in ji dagaci. "Faɗi suna."

"Tani ce, ranka ya daɗe. Matar marigayi Malam Muhammadu."

Wuri ya kaure. Aka aika, ta zo tana dogara sanda, samari na yi mata ihu suna cewa tsohuwa za ta ja musu asarar rijiya. Ba ta musa komai ba. Ta durƙusa ta faɗi abin da ta faɗa wa Gwadabe, ba ragi ba ƙari. Da ta kai ga sunan Uwaisu muryarta ta karye, ihun ya mutu shi kaɗai.

Malama Naja'atu ta juya wurin dagaci. "Ranka ya daɗe, ni 'yar ƙasar nan ce, na san abin da dashe ke nufi. Shi ya sa kafin a haƙa rami ɗaya na tambaya ko akwai mai haƙƙi a filin."

Dagaci ya gyara rawani. "To, ai… mun duba ba namiji a gidan."

Ta bar shi da wannan amsar, ta je ta tsuguna gaban tsohuwar.

"Inna, itatuwan suna da rai, ke kika raya su. In kin yarda, ki mayar da su da hannunki, a gaban dagaci da dattawa. Ki bar kaurarki a tsakaninsu, gawo ba ya hana hatsi. Tunda wanda ya dasa shi ke da wuri, to ke kika dasa wa Uwaisu. Ba mai sake ce mata saura."

Tani ta dubi Malama Naja'atu. Can ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Aka kwance Ƙasimu, mota ta koma ba kowa. Jama'a suka watse suna murnar rijiya ta tsira, kuma kamar kullum ba wanda ya tuna ya ce wa Gwadabe sannu. Sai Tani. Da ta zo wucewa ta gabansa ta ɗan tsaya, idonta na kan hanya.

"Sannu da aiki, Malam Gwadabe."

Tun ranar da ya auri ƙanwarta ba ta taɓa ce masa Malam ba.

*

Ya yi magariba, ya shiga zaure ya zauna, kwanon jiya na kan dakali a wanke. Aka ɗan yi yayyafi ya ɗauke. Ya ji ana kiran isha'i, ya ji maƙwabta na rufe ƙofofi. Ƙarar da yake jira ba ta zo ba. Ba yunwa ce ta dame shi ba, ya san yunwa tun yana farauta. Kaɗaici ne ya zauna masa a ƙirji, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka fita da Asma'u.

Da safe ya fito, idonsa ya faɗi ƙasa, don ido ma ya saba. Yayyafin ya gyara rairayin lungun, ba wanda ya bi ta kai tukuna.

Sawu ne, ƙanana, da ɗigon sanda a gefe. Sun fito daga ƙofarta sun nufo tasa. A tsakiyar lungun suka tsaya, ƙafa biyu a haɗe, sun nutse sosai, alamar an daɗe a tsaye. Kusa da su akwai ɗigon miya, tururuwa sun kewaye shi. Daga nan sawun suka juya suka koma.

Gwadabe ya tsuguna ya karanta su tun daga farko, ya sake karantawa. Ya ji motsin awaki ana koro su ta bakin lungu. Ya waiwaya, jakar ƙoƙunansa na can cikin ɗaki. Sai ya miƙa hannu kan dakali ya ɗauko kwanonta, ya kife shi a kan inda ta tsaya.